Kwalbar Ottavio a Sito

Giya haramun ce, ba ni da wata magana a kanta. Amma amana ma Allah zai tambaya.

Ɗalhatu mutumin Gumel ne, direban wani injiniya ɗan Italiya mai suna Ottavio, wanda ke aikin ginin filin ƙwallo. A falon gidan Ottavio na Umm Salal, kusa da Doha, akwai ƙaramin firji, ciki da kwalba guda a kwance. Giyar inabi ce da suke kira merlot, daga gonar mahaifinsa, girbin ƙarshe kafin tsohon ya rasu.

"Yanzu tana da kaushi, kamar saurayi mai taurin kai," in ji Ottavio. "Shekaru ne za su tausasa ta. Ranar da aka buga ƙwallo a filina, ni da matata za mu buɗe."

"Oga, Allah ya shirye ka," in ji Ɗalhatu.

"Kai ma, Malam. Yalla, mu tafi, ta da mota."

Da korona ta ɓarke, Ottavio ya tafi gida duba mahaifiyarsa. Aka rufe hanya. Cutar ta kama shi, bai tashi ba. Matarsa Graziella ta kira daga Italiya tana kuka, ta roƙi Ɗalhatu ya dawo cikin gidan da zama, ya kula da komai, musamman kwalbar.

Ya dawo. To amma a falon nan yake salla, kuma ba zai kai goshinsa ƙasa giya na gefensa ba. Zubar da ita kuwa cin amana ne. Sai ya yi abin da ɗan manomi ya sani: danshi da sanyi su ke ɓata ajiya. Ya naɗe ta da tawul mai tsabta, ya tsayar da ita a siton bayan gida, busasshen wuri, ya sa kwaɗo. Bai san zafi ne ke lalata giyar inabi ba. Zafin Doha ya bi ta kanta kusan shekara uku.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, Graziella ta sauka ita kaɗai. Ta tarar da firjin wayam.

"Madam, kada ki damu. Na ɓoye ta wurin da ya fi."

Ya kai ta siton, yana murna. Ta kwance tawul ɗin. Matoshin kwalbar ya turo kai, jan ruwa ya bushe a wuyan kwalbar. Ta zauna a dokin ƙofa, ta buɗe, ta shinshina. Abin da ta tsiyaya a kofi launinsa ruwan ƙasa ne, ga warin dafaffen abu.

"Wallahi ba wanda ya taɓa ta," in ji Ɗalhatu. "Ko ni."

"Na sani, Ɗalhatu."

"Ta yi kyau?"

Ta dube shi. Sannan ta kurɓa, ta haɗiye da ƙyar.

"Ta yi kyau," ta ce.

Ƙarya ta yi, kuma ya gani a fuskarta. Ya juya ya fita bakin ƙofar gida, ya tsaya a rana.