Fankar Inna Sahiya

Bazarar da Zayyanu ya cire fanka daga ɗakin uwarsa, Inna Sahiya, ita ce bazarar da ko ƙadangaren Konni bai son taka ƙasa. Ya kai ta zaure, inda ya jera kwamfutoci uku samari na buga ƙwallo a allo, ya juya mata fuska ga buɗaɗɗen cikin inji. Wai sabon katin hoto, abin da ke zana 'yan ƙwallon, bai son zafi.

"Ni kuma ina so?" in ji Inna.

"Haƙuri, Inna. Wanga kati ba irin na da ba ne."

Kati na uku ke nan. Na farko, da lambar jikin kwali aka auna shi. Aka wayi gari lambar kwali ƙarya ce, awon gaskiya wata 'yar lamba ce mai rawa a kusurwar allo, sai aka sake kati. Yanzu ya dawo daga Sakkwato da wanga, ya kashe 'yar lambar da hannunsa, wai masana sun ce ita ma ba ta faɗin komai, ido ne awo: in hoto bai tuntuɓe, shi ke nan.

Tir! Shekara arba'in Inna na awon hatsi a kasuwa. Wanda duk ya sake tiya sau uku a ciniki ɗaya, ta san sunansa.

Ga azahar ta kwanta bisa tabarma, zufa na cika mata kunne, tana jin fankarta na hura ƙarfe. Sai ta aika a kira Sadisu mai gyara. Ita ta yi jinyar uwarsa Badi'a wata biyar, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Ranar Juma'a kar ka yi saurin masallaci. Ka cire sabon katin daga injin Zayyanu, ka mayar da tsohon."

"Inna, Zayyanu zai..."

"Wa ya wanke gyambon Badi'a?"

Sadisu ya ɗauko sukudireba.

Kwana uku ta bari. Ran na huɗu ta shiga zauren, wari kamar turken awaki, ta zauna bayan ɗanta.

"To, gwada min awon naka."

Zayyanu ya gyara zama, ya kunna. 'Yan ƙwallo suka zuba a guje.

"Duba, Inna! Kamar mai bisa faranti. Tsohon kati ya isa ya yi haka? Ko makaho ya ga bambanci."

"Ka tabbata?"

"Wallahi."

"Kar ka rantse, sakarai."

Ta tashi ta zare wayar fanka, ta rungume ta kamar jika.

"Inna! Sabon katin zai ƙone!"

"Ba zai ƙone ba. Yana cikin tukunyar daddawata tun Juma'a, can ƙarƙashin gado da sanyi."

Samari suka fashe da dariya, har wani ya faɗo daga benci. Zayyanu ya leƙa cikin inji, ya daɗe bai ɗago ba.

A bakin ƙofa ta tsaya, ta tofar.

"In an fito da awo na huɗu, ka zo ka ɗauki katin. Amma ka wanke shi tukuna, ya sha wari."