Sai Doki Ya Sa Kofato

Jiya da dare mafarki ya kai ni makarantar hawan doki, ni Mantau da na shekara arba'in ina horar da dawakin mutane.

Makarantar akwai ta a zahiri, a bayan garinmu. Wani irin hawa suke koyarwa. Fili ne na yashi mai kusurwa huɗu. Doki ya yi taku yadda aka tsara, ya juya, ya tsaya, ya ja da baya, mahayi yana zaune kamar ba shi ke sa shi ba. Wata uku ake karatu, sannan a yi gasa. Da suka aiko mini, na ce karatu na yara ne, su sa ni a gasar kawai in nuna musu. Ba su sake aikowa ba.

A mafarkin na je da ƙafata. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi zuwa sama. Hulata a bushe, wandona sharkaf.

Akuya ce a ofis, ta rataye tabarau a ƙaho.

Ta ce, "Baba, me ke tafe da kai?"

"Gasa."

"Karatu fa?"

"Na wuce karatu."

Ta buga hatimi a takarda, ta cinye kusurwa ɗaya, ta miƙo mini saura. "Nan ƙasa doki zai sa kofato, shaidar ya yarda ya ɗauke ka. Ba kofato, ba gasa."

"Tun yaushe ake tambayar doki?"

"Tun da aka lura ya fi kowa sanin wanda ke bayansa. Na gaba!"

Sai ga ni a aji. Benci irin na elementare, gwiwoyina har haɓa. Shekara biyu na yi a elementare, ban tsinci komai ba sai bulala. Malamar wata zabuwa ce. Ta nuna mini filin ta taga. An jera haruffan boko a gefensa, su ne alamar inda doki zai juya. Haruffan suna ta kai-komo suna gaisawa.

Ta kira sunan harafi ɗaya. "Baba, nuna mana shi."

Na nuna wanda ya fi kusa.

Harafin ya ce, "Ba ni ba ne, ranka ya daɗe," ya matsa gefe.

Ɗalibai ba su yi dariya ba. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Zabuwa ta sa mini zaren ɗinki biyu a hannu, ta ce su ne ragama. "Ja a hankali. A nan ba a so alƙali ya ga hannun mahayi ya motsa."

Na ja, zaren ya tsinke. Ta ba ni wani, ya tsinke. Har goma.

"Da me kake juya su a da?"

"Da linzami."

"Wane iri?"

Sai tsohon linzamina ya fito daga aljihuna da kansa, mai harshen ƙarfe, wanda na sa maƙeri ya wasa wa baki. Ya hau bango kamar ƙadangare, ya tsaya bisa allo inda kowa zai gani.

Daga nan na tsinci kaina a barga. Dawaki na zaune kan tabarma suna shan shayi, mutane na ɗaure a turke suna jiran a kira su. Na bi dawakin da takardata ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowanne ya ce, "Sannu Baba, je wajen babban alƙali. In ya sa, mu ma mu sa."

Babban alƙali yana zaune a ƙarshen fili ƙarƙashin laima, an kifa ta ƙasa saboda ruwan. Tun daga nesa na gane shi. Gunya ne.

Dokin wani ɗan kasuwa ne da aka kawo mini shekara talatin da suka wuce. Na rantse a gaban jama'a cikin kwana bakwai zai yi rawa. Ya yi rawar. Amma bakinsa ya tsage har bai iya tauna harawa, sai dusa jiƙaƙƙiya. Na ce wa mai shi ciwo ne ya zo da shi. Dokin bai kai damina ba.

Gunya ya ce, "Mantau, ka tsufa."

"Kai ma."

"Ni ban samu tsufa ba."

Ya ɗauko farin ƙyalle. "Ka san dokar nan? Bayan kowace gasa ana goge bakin doki. In an ga ja, mahayi ya fita, ko da ya fi kowa iyawa." Ya goge nasa bakin, ya shimfiɗa ƙyallen a tebur. Ja ne jawur. Jinin ya tashi sama tare da ruwa, ɗigo ɗigo, ya tsaya daidai idona.

Na ce, "Haka aka koya mini."

"Linzami aka koya maka. Wasa bakinsa kai ka ƙara."

"Ka yi taurin kai."

"Ban gane abin da kake so ba ne. Da ka ba ni wata ɗaya da na gane."

Ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai mahaifina. Na durƙusa a yashin nan, na miƙa takardar. Muryata ta fito ƙarama kamar ta yaro. "Sa mini. Sau ɗaya. Ba zan ja ba."

Ya ɗaga kofato. Ya riƙe shi bisa takardar, yana kallon hannuwana. Na so in ɓoye su, aljihu ya ƙi buɗewa. Kofaton bai sauka ba, bai kuma koma ba. Sai wata ƙara ta fara, ƙar, ƙar, ƙar.

Na buɗe ido. Matata Tabawa ce ke kankare ƙanzon tukunya a tsakar gida.

Na fita na zauna a bakin ƙofa. Ba na ba mace labarin mafarki, amma na ba ta. Ba ta daina kankara ba sai da na ambaci Gunya.

Ta ce, "Na tuna shi. Ni nake jiƙa masa dusar. Har ita ma da jini take dawowa."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Wa zai faɗa maka, Malam?"

Na ce, "Ai dabba ce. Kowa haka yake yi a lokacin. Ki ce ba laifina ba ne."

Ta zuba ruwa a tukunyar, ta ɗauraye, ta kife ta.

"Ba zan ce ba."