Wuƙa Mai Ƙotar Ƙaho

Tun kafin tsohon ya ƙaraso ƙofar asibitin Maigadi ya miƙa hannu.

"Wacce ce ta rako ka yau, Baba Kafinta?"

Tsohon ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙa mai naɗewa, ƙotarta ta ƙaho, ta yi sulɓi don shan hannu. "Uwargidan ce da kanta. Da ita na fere fensirin da na zana gadon aurenmu."

Doka ce ba a shiga da wuƙa, sai a bar ta a durowar Maigadi. Yawancin mutane da tsaki suke bayarwa. Shi kuwa tsohon, tun da aka kwantar da matarsa, kullum da wadda yake zuwa da ita daga cikin tarinsa, kowacce da labarinta: ta mahaifinsa, ta wani maƙeri da ya rasu, wadda ya musanya da agogo. In ya fito daga dubiya sai ya zauna a benci, ya karɓi wuƙar Maigadi mai sakwarkwatacciyar ƙusa, ya gwada kaifinta a farce.

"Wannan ko ayaba sai ta roƙe ta," yakan ce, su yi ta dariya.

Maigadi ba ya da wani abokin hira. Iyalinsa na can gida, tafiyar yini guda, shi kuma ɗaki ɗaya yake haya a bayan wani gareji. Likitoci da hon ɗin mota suke gaishe shi. Har ya sayi ƙaramin dutsen wasa wuƙa, don tsohon ya yi alkawarin koya masa.

A ranar, rana na tsaka, wata farar mota ta taho daga ciki ta tsaya a bakin ƙarfen tare hanya. Tsohon ya leƙo daga kujerar baya, bakinsa har kunne.

"Mutumina! An sallame mu! Ga ta nan, har faɗa ta fara yi mini."

Matar ta ɗaga hannu a hankali. 'Yarsu ce ke tuƙi.

"Alhamdu lillahi! Allah ya ƙara sauƙi, Mama," in ji Maigadi. Da gaske ya faɗa, amma sai ya tuna hirar benci ta ƙare ke nan, har ya ji kunyar kansa.

Hannunsa na kan durowar. Tsohon bai tuna da wuƙarsa ba, yana ta gyara wa matarsa mayafi. Maigadi ya janye hannunsa. In wuƙar ta kwana a nan, ai dole gobe mai ita ya biyo sawu. Ya ɗaga ƙarfen, motar ta wuce.

Abincin rana bai shiga ba. Ya fito da wuƙar ya goge ta da bakin rigarsa, ya ɗiga mata mai a gaɓa, ya buɗe, ya rufe. Ya share bencin. Ya ma shirya abin da zai ce: "Baba, ka tafi ka bar uwargida a hannun ƙato?"

Dab da tashinsa aiki farar motar ta dawo. Ya miƙe da sauri har hularsa ta faɗi. Gilashi ya sauka. 'Yar ce ita kaɗai, waya a kunne.

"Sannu Malam. Wai Baba ya manta wuƙarsa. Ya hana kowa sakat."

Ya miƙa mata da hannu biyu. "Shi bai... yana lafiya dai?"

"Lafiya lau. Gobe da sassafe zan wuce da su wurina, can za su zauna yanzu." Ta jefa wuƙar cikin jaka, ta ce wa na cikin wayar, "Ina jin ki."

"Ki ce masa na sa mata mai," in ji Maigadi.

Gilashin ya riga ya hau. A bayanta wata mota ta danna hon, ya juya ya ɗaga mata ƙarfen.