Rufin da Buraima Ya Ɗora

Iskar da ta zo da ruwan farkon damina ce ta yaye rufin makarantar boko ta Zango, ta kwashi kwanon ta zubar a bayan gidan wani mahauci. Da gari ya waye, Ticha Idirisu, hedimastan makarantar, ya tarar da bencina a jiƙe, sararin sama kuma yana leƙen ajin. Ya sallami yara, ya sa farar rigarsa, ya nufi ofishin ilimi.

Jami'in da ya saurare shi mutum ne mai fara'a. Ya ba shi kujera, ya jinjina kai, ya ce kuɗin gyaran makarantu ba su iso daga Ankara, babban birnin ƙasar, ba tukuna.

"Okyena, Masa," in ji shi da Asantanci. Wato gobe, hedimasta.

Idirisu ya koma gobe, ya koma jibi, har masinjan ofishin ya daina tambayarsa sunansa. Wata rana aka ce kuɗin sun zo, amma makarantun da ke kusa da Manhyia, fadar sarkin garin, sun riga shi a layi. Wata rana aka ce yaran Zango ai rabinsu makarantar allo suke zuwa, ina amfanin zuba kuɗi? Ya yi ta koyarwa a gindin mangwaro. In hadari ya haɗo, sai a tashi.

Buraima ne ya fara gajiya. Mai walda ne a Suame Magazine, unguwar makanikai, ƙato mai ƙonannun yatsu, 'ya'yansa uku suna makarantar. A Zango aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya zo fataucin goro daga Kano. Bayan sallar Juma'a ya tare Idirisu a ƙofar masallaci.

"Ticha, harajin lampo muna biya, kuɗin kasuwa matanmu suna biya. Ina abin yake zuwa?"

"Wallahi Malam Buraima, ƙafata ta gaji da hanyar ofishin nan."

"To bar su. Mu za mu rufa."

Haka kuwa aka yi. Makanikai suka kawo ƙarfen tsofaffin motoci, 'yan goro suka sayi kwano, Hamamatu mai koko ta riƙa aiko wa ma'aikata koko da ƙosai, ba ta karɓi ko kwabo ba. Buraima ya rufe rumfarsa ya hau saman gini, yana walda yana zagin rana. Ranar da aka gama, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yara suna ciki suna ihun murna, ko ɗigo bai taɓa su ba. Idirisu ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya shi kaɗai.

Ba su daɗe suna morar rufin ba. Kafin shekara ta ƙare, rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Zango ya hargitse. Mutanen da ba su taɓa ganin Najeriya ba suka shiga sayar da gado da tukwane a wulaƙance. Idirisu Badagombe ne, ɗan asalin ƙasar, dokar ba ta shafe shi ba, amma kullum safiya sai ya ga wani benci ya zama wayam.

Ya je tasha ya yi sallama da Buraima. Ya same shi a saman lori, zaune kan ƙunshin tabarmi, 'ya'yansa a gefe.

"Ban san kowa a Kano ba, Ticha," in ji Buraima. "Ka dai riƙa duba kusoshin gefen gabas, ban gama ɗaure su ba."

Idirisu ya ɗaga masa hannu. Lori ya tashi.

Bayan hutun sabuwar shekara, sai ga jami'in nan a makaranta, karo na farko da ya taka ƙafarsa cikinta. Zuciyar Idirisu ta yi sanyi, ya zaci kuɗin ne suka iso. Ya zaga da shi, ya nuna masa bangon da ya tsage, da makewayin da ya rufta. Jami'in ya ɗaga kai ya dubi rufin.

"Kai, aiki mai kyau! Ka gani ko, Masa? Ashe kuna iyawa. Da mun kawo kuɗi da an yi asara."

"Waɗanda suka yi shi an kore su."

"To, wannan ba daga ofishinmu ba ne." Ya leƙa ajin, ya ga yara tsiraru. "Gaskiya da wannan adadin ba za a ba ku kaso ba bana. Malamai biyu za mu ɗauke. Bencinan da ba kowa a kai kuma, akwai makarantar da ke bukata."

"Yallaɓai, bencinan ma iyayen yara ne suka sassaƙa."

"Duk abin da ke cikin makarantar gwamnati na gwamnati ne."

Da motar ta zo, direban ya ce bayansa na ciwo. Idirisu ne ya cire farar rigarsa ya taya yaron mota lodi. Ba su tsaya kan bencinan da ba kowa ba, sai da suka haɗa da na aji ɗaya, don sun fi sabunta.

Hamamatu tana tsallaken hanya a gaban tukunyarta tana kallo. Da motar ta wuce, ta ƙetaro ta kama hannun 'yarta Safiatu, 'yar aji ɗaya, wadda ta fi kowa ƙoƙari a lissafi.

"Iya, ki bar ta," in ji Idirisu. "Zan samo tabarmi."

"Zaman ƙasa akwai shi a gida, Ticha. Masu sayen kokon ma sun tafi, ina bukatar mai kai mini talla Suame."

Yarinyar ta waiwayo sau ɗaya. Idirisu ya ɗauki rigarsa ya kakkaɓe, ya shiga aji ya ce wa sauran su matso kusa da allo.