Gwangwani na Huɗu

Auta ta ɗaga fim na uku ta kanga a hasken taga. Ga su nan dai, kamar a na farko da na biyu: 'yan ƙananan huji farare tas, kamar an bi fim ɗin da allura, sun taru a fuskar Inna. Ɗaya ya cinye idon hagu ɗungurungum.

"Ya fito?" Yaya ta tambaya daga bakin ƙofar sito.

"Bai fito ba."

Mako uku ke nan da rasuwar Inna, kuma ba ta bar hoto ba, in ka cire ɗan mitsitsin na katin shaida, wanda ita kanta cewa take ba ita ba ce. Mace ce da in ka ɗaga mata waya sai ta juya maka ƙeya. Gwangwanayen madarar nan na Auta kaɗai ta yarda ta zauna a gabansu, don ta rantse gwangwanin da aka huda da allura aka saka wa fim ba zai iya kama mutum ba. Ran nan ta zauna a baranda, Auta ta jera gwangwani huɗu, tana ɗaga salatif daga kan hujin kowanne, ta ƙirga arba'in, ta mayar. Tun rasuwar ta kasa taɓa su, sai yau da safe da Baba ya ce, ba tare da ya dube ta ba, yana son ya ga matarsa.

Yanzu uku sun lalace. Saura ɗaya, yana nan a rufe bisa kantar sito.

"To ki wanke na ƙarshen mana, ƙila a dace," in ji Yaya.

"Ƙila? Yaya, in wannan ya tafi, shi ke nan fa."

Ta naɗe na ukun a takarda, ta fice ko mayafi ba ta gyara ba. Baba yana zaune a falo, hannu bisa gwiwa. Ya bi ta da ido har ta fita.

Tsohon mai hoton da ya koya mata wankin hoto yana ƙarshen layin masu gyaran waya, a shagon da yanzu ba abin da ake yi ciki sai fasfo. Mutum ne da ko gobara ake ba ya sauri. Sai da ya goge tabarau, ya nemo gilashinsa na ƙara girma a ƙasan tarkace, sannan ya sunkuya kan fim ɗin. Auta ta ji kamar ta fizge.

"Abu biyu ne ke yin wannan, 'yata," ya ce. "Ko ƙura ta kwanta a kan fim tun ranar da kika saka shi a gwangwani, ta tare haske. Ko kuma kumfa ta manne masa wajen wanki, ta hana magani taɓa wurin."

"In ƙura ce fa, Malam?"

"In ƙura ce, na huɗun ma ya riga ya samu rabonsa. Rana ɗaya kika saka su, ko?"

Ta gyaɗa kai.

Ya daɗe yana kallo, yana juya fim ɗin a hankali. Can ya ce, "Zo ki gani. Tabon ƙura ba shi da fasali, wani dogo, wani kamar gashi. Waɗannan kuwa dubi yadda suke a zagaye, bakinsu sumul. Kumfa ce. Wa ya koya miki girgiza magani?"

"Wallahi ban girgiza ba."

"To wani ya girgiza."

A hanyar komawa ta tuna. Da safe Yaya ce ta riƙa miƙo mata kwalbar magani kafin a rufe ƙofa. Yaya kuwa shekararta goma sha biyu a kyamis, ko ruwan sha ka ba ta a kwalba sai ta jijjiga shi kafin ta buɗe.

"Kin girgiza kwalbar nan?" Auta ta tambaya tun daga tsakar gida.

"Sosai ma. Don ya haɗu." Sai ta ga fuskar ƙanwarta, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah. Ni ce?"

Auta ta so ta yi faɗa, bakinta ya cika fal, amma ba lokacinsa ba ne. Ta zuba maganin a faranti a hankali ta gefe, ta bar shi ya kwanta rabin awa tana tsaye a kansa. Sannan ta toshe taga da bargo, ta ja ƙofa, duhu ya rufe ta ruf. Da lalube ta buɗe gwangwani na huɗu. Ta fara jiƙa fim ɗin a ruwa zalla kamar yadda Malam ya ce, ta zura shi cikin magani, ta ƙwanƙwasa gefen farantin sau uku don ko da wata kumfa ta maƙale. Tana ƙirga mintoci, zufa na bin bayanta, tana jin numfashin Yaya a bayan ƙofa. Tsoro take ji ƙwarai, irin wanda ba ta ji ba ko a asibiti wajen jinyar Inna.

Da ta gama ɗauraya ta buɗe ƙofa, sai ta tarar Baba ma ya taso. Ba ta iya dubawa ba, ta miƙa masa fim ɗin yana ɗiga, ta ce ya riƙe ta gefe.

Ya ɗaga shi sama. Babu huji ko ɗaya. Ga idanun Inna biyu raɗau, ga ɗaurin ɗankwalinta, ga hannayenta a cinya. Amma daga hanci zuwa haɓa ya dusashe, kamar an shafa da yatsa.

"Bakin bai fito ba," Yaya ta ce. "Wannan ma ni ce?"

"A'a. Motsi ta yi. Na ce ta yi shiru har na kai arba'in, ta ƙi."

"Me take cewa?" Baba ya tambaya, bai sauke hannu ba.

"Cewa take in daina ɓata gwangwanaye, tana da abin zubawa a ciki."

Baba ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ya goge ido da bayan hannu, ya ƙara matso da fim ɗin kusa da haske.

"Kar ki gyara komai," ya ce. "Ki fitar min da shi haka."