Littafin da Ba Shi da Bango

Ranar kasuwar Kura, Luke kan shimfiɗa leda a gindin darbejiya kusa da masu albasa, ya zazzage buhu biyu na tsofaffin littattafai. Mutumin Pankshin ne. Aikin injin casar shinkafa ya kawo shi, ƙaiƙayi ya hana shi numfashi, ya koma saro littattafai daga Sabon Gari. Ba ya ware su. Ƙamus na kwance kan littafin soyayya, na kiwon kaji ya danne na tarihi, ga na lissafin 'yan sakandare, ga na fassarar mafarki, wasu ma bangonsu ya daɗe da tafiya.

Malam Datti ba ya fashin zuwa. Shekara ashirin ya yi yana buɗe ƙofar ruwa a kanal, da ya yi ritaya kuma ya naɗa kansa masanin ƙauyensu da ke hanyar Bunkure. Zai tsuguna, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya lashi yatsa, ya yi ta juya shafi har azahar. Bai taɓa sayen ko ɗaya ba. In ya ci karo da littafin labari sai ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya ce ƙaryar 'yan birni ce, ta marasa aikin yi. Shi sai littafin bincike.

A ranin 2004 ya zaro wani na Turanci marar bango, farkonsa ma ya yage. Idonsa ya faɗa kan shafin da wani manomi ke bayanin yadda yake samun tumatir kamar kan jariri: a narka sukari a ruwan ɗumi, a zuba a gindin shuka sau uku a mako. Har da awo, cokali kaza a bokiti. Datti ya kwafe a bayan katin asibiti, ya cusa littafin can ƙarƙashin tari don kada wani ya gani. Luke ya ce ya tafi da shi gida ya ƙarasa mana. Datti ya ce mai ilimi shafi ɗaya ya ishe shi.

Washegari ya shigo gida da buhun sukari a bayan babur. Matarsa Indo ta tambaya ko suna za a yi, ya ce harkar bincike ce, ba ta shafe ta ba. Maƙwabcin gonarsa, Gidaɗo, ya gan shi yana dama ruwa a bakin kanal, shi ma ya tambaya. Datti ya ce sirri ne da Turawa suka ɓoye, ko malaman gona na Kadawa ba su kai nan a karatu ba.

Kafin mako biyu, duk wata tururuwa da cinnaka da ke tsakanin Kura da Bunkure ta samu labari. Gindin tumatirin ya yi baƙi, ganye ya yi rawaya, ya langaɓe. Masu cire ciyawa suka shiga sau ɗaya, suka fito suna rawa ba kiɗa, suka ce ko nawa ne ba za su koma ba. A gefe guda Gidaɗo yana loda kwanduna a motar Legas, yana yi wa Datti sannu da bincike.

Datti ya kai ƙara wajen dagaci, cewa Luke yana sayar da ilimin jabu. Aka kira Luke, ya zo da littafin. Da yake dagaci ba ya jin Turanci, aka aika aka kira Malama Ummukulsum, mai koyarwa a firamare, ta karanta tana fassarawa. Ta duba shafin, ta juya na gaba, ta toshe baki da mayafi.

Ashe littafin labari ne. Manomin da ke ba da shawarar, maƙaryacin garinsu ne, yana zolayar wani baƙo mai ji da kansa. A shafi na gaba, tururuwa ta cinye gonar baƙon.

Zauren ya ɗauki dariya, har da fadawan da ya kamata su tsawatar. Datti ya gyara tabarau.

"Ranka ya daɗe, ai da ma na san labari ne. Gwadawa na yi don in tabbatar ƙarya ce."

"To ka tabbatar mana, Malam," in ji dagaci. "Allah ya saka da alheri. Malama, ci gaba, yaya baƙon ya ƙare?"

Ta yi ta karantawa har aka kira la'asar, ba wanda ya ƙara tuna shari'a. Luke ya bar wa dagaci littafin kyauta ya koma wajen kayansa.

Datti ya nome gonar ya dasa albasa. Ragowar sukarin kuwa Indo ta kwashe, aka yi ta shan koko mai zaƙi a gidan har faɗuwar damina. Gonar dai har yau in mutum yana kwatance, sai ya ce a wuce gonar shayi a yi dama.