Sawun Taya a Kan Ƙwan Kunkuru

Tun a bakin mashigar gaɓar teku ran Verna Ballance ya fara ɓaci. Motoci goma sha ɗaya ne a jere, duk na 'yan ƙungiyarsu ta masu fowil, wato motocin shiga yashi da daji, daga garin Edenton, kowa ya durƙusa gindin tayarsa yana rage iska don kada mota ta nutse a yashi, ban da mutum ɗaya. Colby Strickland yana hakimce cikin sabuwar akori-kurarsa baƙa wuluk mai tayoyi kamar na tarakta, ya ɗora gwiwar hannu a taga yana kurɓar lemo.

Verna shekararta hamsin da tara, gajera ce kakkaura. Ta yi shekara talatin tana gyaran injin jiragen masunta kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Ita ce jagorar tafiya: ita ke gaba, ita ke riƙe da jadawalin cikar teku, in ta ce a juya sai a juya. Colby kuwa mijin 'yar ƙanenta Hoyt ne, watansa huɗu a ƙungiya, kuma yau ce ranarsa ta farko a rairayin Hatteras.

Ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da ma'aunin iska. "Sauko ka rage. Ashirin, kamar kowa."

"Haba Gwaggo, kin kuwa ga tayoyin nan? Waɗannan ko dutse suka gani hawa suke yi."

"Nan ba dutse. Yashi ne. Sauko."

Ya sauko yana murmushi, ya tsuguna, ya ɗan tsiyayar da iskar ƙafar gaba ɗaya. Tana juya baya ta ji ƙarar ta ɗauke. Ta so ta koma, sai Hoyt ya tare ta. Shi ne shugaban ƙungiya, dogo mai sanyin murya, wanda bai taɓa son a yi rigima a gabansa ba.

"Yaya, ƙyale shi. Yaro ne, in ya kafe sau ɗaya zai koya."

"Shekararsa talatin da huɗu, Hoyt."

Ta dai ƙyale shi. Daga baya wannan ya fi komai ci mata rai.

Safiyar ta yi kyau. Sun kafa tantuna tun yammacin Juma'a a bayan tudun yashi, yau Asabar kuma suka bi gaɓa a jere a hankali, teku na hannun hagu. Suka tsaya wajen da ruwa ya yi kwari, aka kafa sandunan kamun kifi, aka buɗe kuloli. Tsoho Lemuel Gaskill, wanda ya kafa ƙungiyar tun Verna na budurwa, ya kama kifi uku kafin kowa ya kama ɗaya, ya kuma tabbatar kowa ya ji labari.

Wajen ƙarfe biyu suka ci gaba kudu, suka iso inda gaɓar ta tsuke. Daga sama an kafa turaku huɗu an zagaye su da igiya da jan ƙyalle, da allo mai hoton kunkurun teku: uwa ta haƙa rami ta binne ƙwanta a nan. Tsakanin igiyar da ruwa akwai hanyar mota ɗaya tak, ita ma teku ya fara lasarta. Verna ta duba agogo, ta ɗauki oba-oba.

"Kowa ya tsaya. Ruwa ya ci hanya. Nan za mu juya."

Muryar Colby ta faso. "Gwaggo, ai ga hanya nan ina gani. An ce kifi na can ƙarshen tsibiri."

"Na ce mu juya."

"To ku juya, ni ina zuwa."

Ta madubi ta gan shi ya fito daga layi, ya wuce ta yana watsa mata yashi a gilashi. Ya shiga matsatsin da gudu. Daidai nan wata igiyar ruwa ta taso ta bugi gefen motar, sai ya firgita ya murɗe sitiyari sama. Turke ɗaya ya karye, igiya ta naɗe a bamba, motar ta hau cikin shingen ta nutse a busasshen yashi har ciki.

Da ya tsaya nan da da sauƙi. Sai ya taka totur.

Verna ba ta san lokacin da ta diro daga jif ɗinta ba. Tana gudu da gurguwar gwiwarta tana ihu, "Kashe! Kashe motar!" Tayar baya tana juyawa tana haƙa, tana feso yashi, can sai yashin ya fara fitowa da wasu fararen abubuwa masu laushi, da ruwan gwaiduwa. Ɗaya ya faɗo dab da takalminta, a fashe.

Ta fizge ƙofar, ta miƙa hannu ta gefen cinyarsa ta kashe injin, ta jefar da makullin kan yashi.

"Kai wane irin sakarai ne? Kurma ne kai ko makaho?"

"Ruwa ne ya ture ni, Gwaggo, ai kin gani..."

"Kar ka ƙara ce min Gwaggo! Fito ka ga abin da ka yi. Fito!"

Ya fito. Mutane suka taru suka yi cirko-cirko. Verna ta sa aka kawo katakai biyu, ta durƙusa da kanta ta rage iskar tayoyinsa huɗu. Ta ɗaura igiyar ja a bayan motar, ta sa Lemuel a sitiyarin Colby, ta ce kada ya taɓa totur ko kaɗan. Ta ja motar baya a kan sawunta, taku-taku, har ta fita daga shingen.

Tana kwance igiya ta ji ƙarar shebur. Ta ɗago. Hoyt ne a cikin shingen, yana tura yashi cikin ramin da taya ta haƙa, wani kuma yana ƙoƙarin tsayar da karyayyen turken.

"Me kake yi?"

"Yaya, saurara. Ba wanda ya gani sai mu. Nan da awa ɗaya iska ta share sawun."

"Ajiye shebur ɗin nan."

"Matarsa Maribeth cikinta wata bakwai. Aikin yaron nan tuƙi ne, in aka kai shi kotu kamfaninsu zai sallame shi. 'Yarki ce fa ita ma."

"Kana taka sauran ƙwan da ƙafarka, Hoyt! Fita daga nan!"

Ya kalli ƙafafunsa, ya ja da baya. Ta ciro waya. Wata mata daga cikin 'yan ƙungiya ta ce, "Verna, ki yi tunani. In 'yan hukuma suka ji, rufe gaɓar nan za su yi gaba ɗaya."

Verna ta juyo kanta. "Ni za ki gaya wa? Shekara goma sha biyu wa ke zuwa taron hukuma? Wa ke tashi gaban mutanen da ke kiranmu 'yan iska masu taka tsuntsaye, yana rantsuwa cewa mu ba haka muke ba? Ke ce? Sau nawa na gan ki a can?"

Ta buga lambar da ke jikin allon.

Ma'aikaciyar kula da gaɓa ta iso cikin minti ashirin, wata matashiya siririya, an rubuta Oxendine a ƙirjin rigarta. Ba ta yi faɗa ba, kuma Verna ta ji da ma ta yi. Ta sa safar hannu, ta durƙusa, ta dinga tone yashi da yatsu tana fito da ƙwai ɗaya-ɗaya, masu rai ta jera su a kula kan jiƙaƙƙen yashi, fasassu ta tara gefe. Ɗari da goma sha takwas ne duka. Talatin da ɗaya sun fashe.

"Sauran za su yi?" in ji Verna.

"Wasu. An girgiza su da yawa." Ta dubi ramin. "Wani ya mai da yashi nan?"

Hoyt yana kallon teku. Verna ta buɗe baki, ta rufe.

Ma'aikaciyar ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ba ta sake tambaya ba. Ta karɓe takardar izinin Colby ta shiga gaɓa, ta rubuta masa sammaci, ta ce wa Verna ta zo ofis gobe da safe ta rubuta abin da ta gani, tunda ita ce jagora.

A zango, rana ba ta faɗi ba aka ɗora mai. Aka soya kifin Lemuel da garin masara, ga jatan lande, ga wake, ga shayi mai ƙanƙara, amma kowa ya ɗauki farantinsa ya koma bakin tantinsa. Colby ya shige motarsa ya rufe gilashi. Verna ta zauna kan kula ita kaɗai, da farantinta a cinya.

Hoyt ne ya zo ya tsaya a kanta. "Hankalinki ya kwanta?"

"Tafi ka ba ni wuri."

"Na kira Maribeth. Kuka take yi. In wani abu ya sami cikin nan..."

Verna ta miƙe, faranti ya kife. "Kar ka soma! Kar ka kuskura ka ɗora min wannan! Ni na ce ya ƙi rage iska? Ni na taka masa totur? Da safe na ce ya sauko, ka ce in ƙyale shi yaro ne. Tun kana ƙarami haka kake, ka fasa abu ka tura ƙarƙashin gado, ni in sha duka!"

"A kan ƙwan kunkuru za ki tona wa danginki asiri?"

"A kan ƙarya, Hoyt! Kai ne shugaba. Kai ka karanta wa yaron nan dokokinmu ranar da ya shiga, da bakinka. Yau kai ne da shebur!"

Zuwa lokacin kowa ya matso. Wani ya ce ai Verna ta cika zafi, wani ya ce gaskiyarta, nan take zango ya kaure. Lemuel ya dinga buga cokali a jikin tukunya har aka yi shiru.

"Ni na tsufa da hayaniya," in ji shi. "Yaron nan ya bar ƙungiya shekara guda. Wa ya yarda?"

Hannu takwas suka tashi.

"Shi ke nan. A ci abinci."

"Ba shi ke nan ba, Baba Lemuel," in ji Verna. "Shugaba fa? Wanda ya rufe ramin?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ma kalle ta. Lemuel ya sosa gemu ya ce, "Verna, ƙanenki ne. Ya ruɗe ne kawai."

"To. Na ji."

Ta shiga tantinta ta ja zif da ƙarfi har ya ci yadi.

Da sassafe ta naɗe kayanta kafin a ɗora kofi, ta tuƙa zuwa ofishin. Malama Oxendine ta ba ta takarda da biro, ta nuna mata tebur kusa da taga. Verna ta rubuta komai tiryan-tiryan: ƙarfe nawa, me ta faɗa a oba-oba, yadda motar ta hau. Sai ta iso layin ƙarshe, inda aka tambaya ko wani ya taɓa wurin bayan abin ya faru.

Ta daɗe a kan layin nan. Ta tuna ita ta koya wa Hoyt tuƙi a tsohuwar motar babansu, yana zaune kan matashi don ya hango hanya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ya san ba za ta iya yin ƙarya a takarda ba, ya sani sarai, amma ya ɗauki shebur ɗin, ya bar mata wannan layin ta zauna da shi. Ta danna biro har ya kusa huda takardar, ta rubuta sunansa cikakke, da abin da ya yi, da cewa ya daina da aka hana shi.

A wajen ajiye motoci ta kira shi.

"Na rubuta sunanka. Gara ka ji daga bakina."

Ta ji numfashinsa, da hayaniyar masu kwance tantuna a bayansa. "Yaya, kin kyauta," ya ce, ya kashe.

An rufe wannan yanki na gaɓar har ƙarshen bazara, kuma 'yan ƙungiya da dama sun ce laifinta ne. Alƙali ya ci Colby tara ya hana shi shiga gaɓa shekara biyu, amma aikinsa bai tafi ba. Hoyt takardar gargaɗi kawai aka aiko masa. A taron wata mai zuwa ya ajiye shugabanci da kansa, bai faɗi dalili ba, bai kuma dubi inda take zaune ba. Aka roƙi Verna ta karɓa, ta ce ba ta so, su nemi wanda za su iya ɗaga wa hannu.